Motar Surukin Safiyanu

Ƙarar ta fara ne bayan ya bar Aliero da kaɗan. Tak-tak-tak, can cikin inji, kamar kaza na tsattsagar dawa a faranti. Safiyanu ya kashe rediyo. Ya rage gudu, ta ragu. Ya taka, ta ƙaru.

Motar ba tasa ba ce. Ta Alhaji Shamsuddeen ce, mahaifin Najiba, wadda saura kwana huɗu a ɗaura musu aure. Da safe Alhaji ya kira shi har zaure a Maiyama, ya danƙa masa makulli, ya ce ya ɗebo albasar biki daga Aliero. Kowa ya san irin wannan aike, ba albasar ake so ba, hankalin ango ake aunawa. Shekara biyu Safiyanu yana bin gidan nan kafin a ce masa ya fito, ga shi yau zai kashe wa suruki mota, wadda ko warin fentinta bai gama fita ba. Kai, wannan rana!

"Ka tahi kai tsaye, ka dawo kai tsaye," haka Alhaji ya ja masa kunne. "Kak ka tsaya Jega, ko ruwa kak ka saya."

To ya kira shi a waya? Da wane bakin? Mutumin da ko ido ba ya iya haɗawa da shi.

Yana shiga Jega ƙarar ta koma kamar ana buga ƙusa. Zufa ta jiƙe masa riga sharkaf. In ya matsa, inji ya buga a hanya, aure ya watse. In ya tsaya, ya saɓa wa suruki tun ba a ɗaura ba. Sai ya hango wani gareji ƙarƙashin dogonyaro. Minti goma, wa zai sani? Ya karya sitiyari.

Makanikin, wani dattijo siriri da ake kira Tamu, yana tsugune yana wanke ƙarfe cikin fetur. Tun motar ba ta tsaya ba ya ɗago kai, ya saki abin da ke hannunsa.

"Baba, don Allah ka taimake ni," in ji Safiyanu. "Motar surukina ce."

"Kak ka kashe. Buɗe bonet."

Tamu bai zaro sandar gwada mai ba, bai taɓa fulogi ba. Ya ɗauko doguwar sukundireba, ya dafa bakinta a jikin inji, ya kara mariƙin a kunne, sau ɗaya tak. Daga nan ya leƙa can baya, inda salansa, bututun hayaƙi, ta haɗu da inji, ya daɗe a sunkuye. Safiyanu ya dafe kai. Shi ke nan, ya kashe inji.

"Ya mutu ko, Baba?"

"Surukin naka, ina shike?"

"Maiyama."

"Yaushe ya saye ta?"

"Watan jiya."

Tamu ya kashe motar da kansa, ya zagaya bayan rumfa, ya yi waya ƙasa-ƙasa. Safiyanu ya ce a ransa lallai kayan gyara ake tambaya, kuma da alama babu su a garin. Ya yi ta kai da komo yana duba rana, wadda ta fara karkata. Yanzu haka Alhaji yana bakin ƙofa yana kallon hanya.

Da inji ya huce, dattijon ya zura hannu ya warware wata wayar tagulla da aka naɗe wurin da ita. Noti ne ya fita, in ji shi, aka ɗaure da waya. Wayar ta saki, hayaƙi na fita ta gefe, shi ne ƙarar. Ya shiga rumfa, bai yi bincike ba, ya buɗe wani gwangwanin madara, ya fito da noti guda a naɗe cikin takarda. Notin ya zauna daram. Tamu ya ɗaure shi da sifana a hankali.

Aka tada mota. Shiru, sumul, kamar ba ita ba.

"Alhamdu lillahi!" Safiyanu ya kusa rungume shi don murna. "Baba, ka ceci aurena wallahi!"

Ya miƙa hannu zai karɓi makulli. Tamu ya zare shi, ya jefa a aljihu. A daidai lokacin motar 'yan sanda ta tsaya a bakin garejin, mutum biyu suka sauko. Sai a lokacin Safiyanu ya lura hawaye na bin gemun dattijon.

"Zamna, ɗana, kai ba ruwanka, amma kai za ka kai su gidan surukinka," in ji Tamu. "Ni na ɗaure wurin ga da waya watan jiya, na ce ma ƙanena Sadiƙ in ya dawo daga kai fasinja in sa mai noti, tun rannan muke biɗar shi, shi da motar."