Hukuncin Malam Yalwa a Kan Mai Alkyabba

Malam Yalwa ya dire kwalin mujallun a gaban murhu, gemunsa na rawa don fushi. A ƙarƙashin gadon ɗansa Alhasan ya same su: labaran zane na wani jarumi mai alkyabba da ke tashi sama, waɗanda saurayin ya daɗe yana tarawa daga kasuwar birnin Wad Madani.

"Kai yaro, jami'a na tura ka, ya walad, ko bautar gumakan takarda?"

Alhasan ya durƙusa. "Baba, don Allah kada ka ƙone su."

Malam ya ɗaga ta farko zai jefa, sai ya ga rubutun Larabci ne. Shi kuwa bai taɓa yarda sunan Allah ya ƙone tare da shara ba. Ya ce sai ya bi kowane shafi ya yanke sunan Ubangiji, sannan wuta ta ci saura. Ya shige zaure da kwalin.

Washegari bayan la'asar ya fito, idanunsa jajir, fushinsa ya ninka na jiya.

"Wannan ta ƙarshen ɓarna ce tsantsa! Mutumin da ya ɗaga jirgin ƙasa da hannu ɗaya, shi ne igiya za ta ɗaure? Ga mahaifiyarsa an bari a hannun azzalumi! Marubucin nan ba ya tsoron Allah."

"Baba, to wutar fa?"

"Wace wuta? Tashi ka bi motar Madani. Kada ka sake tako gidan nan sai da mujallar da ke bi mata."