Sharaɓar Mati

Duk garinmu Caké an yarda ƙanena Mati ɗan kokawa za a yi, don sharaɓarsa ta fi ta sa'anninsa kauri. Wata la'asar Kaka, uwar Innarmu, ta iso daga Baudeta, aka ba ta fura.

Ta ce wa Mati, "Taso in gan ka, mijina."

Mati ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, sannan ya miƙe yana dariya.

Ƙwarya ta suɓuce wa Kaka. Ta dubi Inna ta ce, "Haka Idi ya fara."

Sai ranar na san Inna ta taɓa yin ƙane, Idi, wanda ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, ya rasu bai kai aure ba.

Yanzu in ɗana zai tashi daga tabarma, hannunsa nake kallo.