Koren da Fari Bai Ci Ba

Ranar da 'yan sanda suka kwashe shebur ɗinsu suka tafi, sun bar wa Desmond tabon ramuka biyu a filin ciyawar bayan gidansa, kowanne tsawon mutum. Ba su sami matarsa Rosalind a ciki ba, ba su kuma ba shi haƙuri ba.

Rosalind ta ɓace ne wata safiya a lokacin kaka, jakarta da rigar sanyinta suna rataye a bayan ƙofa. A ƙauyen babu wanda ya faɗa masa magana a fuska. Sai dai gaisuwa ta gajarce, mai burodi ta daina kallon idonsa, 'yarsa Imogen kuma ta daina kawo masa jikoki.

"Sai na san inda Mama take," ta ce a waya, ta kashe.

Mutum ɗaya ce ba ta sauya masa fuska ba, wato Maud, makwabciyarsa, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Shinge mai tsayi ne ya raba gidajensu. Ta zagayo da rabin buhun irin ciyawa da ya rage mata, ta tsaya a kan ɓarnar tana girgiza kai.

"Dubi aikin banza, sai ka ce aladu ne suka yi kiwo. Ai yanko ciyawar ake yi da ƙasarta, a naɗe kamar tabarma, in an gama a shimfiɗa a danne da ƙafa. Ko mai gidan ba zai gane wurin ba."

Ita ta koya masa komai. Ya baje ƙasa, ya watsa iri kafin sanyi ya kama. Da hunturu ta hana shi taka filin in raɓa ta daskare, don ciyawar karyewa take yi ta bar sawu baƙi. Da bazara ya kankare gansakuka da manjagara, ya ɗaga wuƙar injin yanka don kada ya yi mata aski ƙwal. Kafin furanni su gama buɗewa, tabon ya ɓace.

Duk Lahadi Maud na kawo masa gasasshen nama da dankali, ta zauna a kujerar da ke kusa da taga. Kujerar Rosalind ce. Bai taɓa ce mata ta tashi ba. A shekarar, da ranar da mutanen ƙauye ke zagaya lambunan juna ta zo, kowa ya buɗe ƙofarsa ban da ita, ita da ake layi don ganin filinta. Ta ce gwiwa ke damunta.

Sai zafi ya shigo, ruwan sama ya ɗauke ɗif. Kamfanin ruwa ya hana shayar da lambu da tiyo, ya sa tara. Filayen ƙauye suka bushe, suka koma launin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, mutane har alfahari suke yi da hakan, don ƙonanniyar ciyawa shaidar bin doka ce.

Maud ba ta haƙura ba. Ruwan wanka, ruwan wanke-wanke, duk tana tarawa. Tun da sassafe Desmond ke jin ƙarar bokitinta ta bayan shinge, tana kai da kawowa.

"Maud, ciyawa ce fa, ba jariri ba," ya ɗaga murya. "Ruwa ɗaya zai farfaɗo da ita."

"Kai dai ji da taka, sarkin ragwaye."

Da bokitin a hannu ta zame a matakala, ƙugunta ya karye. Ana ɗora ta a motar asibiti ta damƙe wuyan hannunsa da ƙarfin da bai san tana da shi ba, ta cusa masa makullin ƙofar lambu.

"Ka shayar min da ciyawata. Duka, lungu-lungu, kada ka bar ko taki ɗaya. Ka sa tiyo, ni zan ji da tarar."

Ya yi alkawari. Amma mutumin da ƙauye guda ya zuba wa ido ba ya karya doka, komai ƙanƙantarta. Bayansa kuma ba zai iya bokiti ba. Ya rataye makullin a ƙusa. Kullum tana kira daga gadon asibiti, ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta zancen ƙafarta.

"Ka shayar?"

"Na shayar."

"Duka?"

"Duka."

Nasa filin ya ƙone ƙurmus, sai wuri biyu da suka tsaya kore shar, dogaye, masu kusurwa huɗu. Tabon da ya kwashe watanni yana ɓoyewa ya dawo. Ya daina buɗe labulen kicin.

A cikin wannan hali Imogen ta zo kwashe kayan mahaifiyarta. Suka hau bene zuwa ɗakin ɗinkin Rosalind, wanda bai buɗe ba tun ranar da ta ɓace. Imogen ta ja labule, ta daskare a wurin.

"Inda 'yan sanda suka haƙa ne," ya ce da sauri daga bakin ƙofa. "Ƙasar da aka taɓa haƙawa da zurfi tana riƙe danshi. In fari ya zo, wurin kaɗai ke zama kore. Wallahi babu komai a ciki, da idonki kika gani."

Ba ta juyo ba.

"Baba, ramuka nawa suka haƙa?"

"Biyu."

"Zo ka ƙirga."

Ya matso jikin tagar. Ga biyun nan a filinsa, inda ya san su. Na ukun kuwa, kore shar, tsawon mutum, yana can ƙetaren shinge, a tsakiyar ƙonannen filin Maud, inda ɗan sanda bai taɓa sa shebur ba.