Farcen da Bai Sha Tawada Ba

Washegarin zaɓe, ajin Malam Bhandari ya cika da manyan yatsu a sama, kowane farce da tabon tawadarsa. Wata biyu malamin ya yi yana bin ɗaliban kwalejin nan ta garin Butwal da nacin su fita zaɓe, har waɗanda garinsu ke can bayan duwatsu sai da suka hau mota suka je gida suka jefa ƙuri'a.

Mutum ɗaya ne bai ɗaga hannu ba, kuma shi ne wanda ba wanda ya zata. Nirajan ke nan, shi ne ya bi bango yana manna takardun kiran zaɓe, shi ya riƙe lasifika har muryarsa ta dushe, shi ya dinga raka 'yan ɗakin kwana tasha da jakunkunansu.

Kopila, wadda bakinta ba ya raga wa kowa, ta finciko hannunsa daga aljihu. Farce fes, ko ɗigo babu.

"Ashe ɗan kamasho ne kai?" in ji ta. "Ka loda mu a mota, kai ka tsaya a tasha kana cin momo, ɗan curin fulawa da nama."

Aji ya kwashe da dariya. Nirajan ya sosa girarsa ta hagu.

Malam Bhandari ya san dalili. Yaron ba shi da takardar ɗan ƙasa. Uwarsa ta yi sintiri a ofishin gunduma har ta gaji, amsar ba ta taɓa canzawa ba: uban ya zo da kansa ya ce ɗansa ne. Kalma ɗaya daga bakin malamin ta isa ta kashe dariyar nan. Sai ya juya ya shiga goge allon da babu rubutu a kai, kunya na cin sa.

Bayan an tashi, Nirajan ya kawo lasifikar ofis, ya ajiye ta kan tebur kusa da hoton uwargidan malam da 'ya'yansu mata biyu. Malamin ya dunƙule hannu ya ɓoye farcensa. Kamar kullum, ya kasa kallon yaron cikin ido.

"Ka yi haƙuri da su, ba su sani ba."

"Ba komai, Malam. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma ba zan faɗa ba."

"Wataƙila kafin zaɓe mai zuwa..."

"In ya zo, zan sake riƙe muku lasifikar."

Ya ɗan sunkuyar da kai ya fita, ya ja ƙofa a hankali.

Malam Bhandari ya daɗe zaune yana sosa girarsa ta hagu. Ta tagarsa ana hango rufin ofishin gundumar. Shekara ashirin ke nan yana koya wa 'ya'yan mutane haƙƙin ɗan ƙasa, bai taɓa samun ƙarfin halin tsallaka titi ya je can ya ce Nirajan ɗansa ne ba.