Bututun da Bai Taɓa Yoyo Ba

Eun-sil ta sake duba sakamakon da kwamfuta ta fitar, zuciyarta ta ƙi kwanciya.

Aikinta a kamfanin gas na garin shi ne ta faɗi wane bututu ne ya fi kusa da fashewa. Takan haɗa shekarun bututu, da irin ƙasar da ke kansa, da yawan kiran da mutane suka yi suna cewa sun ji warin gas, sai lissafi ya nuna inda za a fara tonawa. Bana unguwa ɗaya kawai kamfanin zai iya sauya wa bututu kafin sanyi ya shigo, ko ta bakin kasuwa ko Solmae da ke kan tudu.

Bututun Solmae ya girmi Eun-sil kanta. Amma tun da aka binne shi, babu wanda ya taɓa kira daga can.

"To mene ne abin damuwa?" in ji shugabanta, Mista Bang. "Ke mutum ce mai neman ciwo a jikin lafiyayye. Sa hannu kawai."

"Yallabai, ƙarfe ba ya tsufa haka ba ko tari."

"Ke kika yi lissafin ko ni?"

Ta sa hannu. Motocin tono suka nufi kasuwa, aka ɗage Solmae zuwa wasu shekaru.

Sanyi ya shigo, kowa ya rufe tagoginsa. Abin ya ci gaba da cin ta a rai, har ranar wata Asabar ta hau bas ta tafi ta gani da idonta.

Unguwar tsofaffi ce, tsit. Bishiyoyin gefen titi duk sun bushe a jere, ta ce a ranta aikin sanyi ne. Wani ɗoyi-ɗoyi ya bugi hancinta, ta ɗora laifin a kan tulunan kimci, wato kabejin da ake jiƙawa ya yi tsami, da ke kowace ƙofa.

Wata tsohuwa mai suna Geum-rye ta gan ta tana rawar ɗari, ta ja ta cikin gida.

"Shigo, 'yar nan, kafin ki daskare. Ku yaran birni ba kwa cin abinci ne?"

Ta ajiye mata shinkafa. Shinkafar ta kama sosai, ƙauri har maƙogwaro, amma tsohuwar na ci hankalinta kwance. Kan Eun-sil ya fara sarawa. A nan ciki babu tulu ko ɗaya, warin kuwa ya ninka na waje, kuma yanzu ta gane shi.

"Bari in ɗora miki shayi," in ji tsohuwar. Ta miƙe ta ɗauko kwalin ashana daga saman murhu.

"Kaka, tsaya! Tun yaushe gidan nan yake warin gas haka? Me ya hana ku kira mu?"

Tsohuwar ta yi dariya tana zaro tsinke ɗaya.

"Wari kuma? Ai jikata, duk mutanen unguwar nan a masana'antar wanke ƙarfe da ruwan guba muka ƙare ƙuruciyarmu, hancin kowa ya mutu tun kafin a haife ki."