Gilashin Murhu

Safi tana durƙushe a falon gwaggonta a Lyon, tana goge baƙin hayaƙin da ya manne a gilashin murhun itace na ɗumama ɗaki, sai ga Rashidu daga Paris, wanda ya fasa aurenta bara ta waya.

"Safi, ki yafe mini. Na dawo."

Ba ta ɗago ba. Ta miƙa masa tsumma da jiƙaƙƙiyar toka. Ya durƙusa cikin farar shaddarsa, ya yi ta gurza har gilashin ya yi tas, hannun rigarsa ya yi baƙi ƙirin.

Sai lokacin ta dube shi, ta yi murmushi.

"Sannu da aiki. Gobe iyayen amininka Uzairu za su zo neman aurena. A nan za su ji ɗumi."