Askar Gado da Kunnen Kare

Babana wanzami ne a Wurno. Askar da ya gada wurin mahaifinsa, ko mu 'ya'yansa ba ma taɓa ta.

Wata rana da la'asar, wani maharbi ya yi sallama rungume da karensa. Kunnen karen ya kumbura suntum, jini ya taru a ciki, yana ta kaɗa kai yana kuka.

Baba ya latsa wurin a hankali, ya ce mini, "Ɗiyata, ɗauko zabira."

Ya gwada asake uku ya ajiye, sannan ya zaro ta gadon, don ita ce mai kaifin.

Maharbin ya ce, "Haba Baba! In ta taɓa kare, wa za shi yarda ta ƙara hawa kainai?"

Baba ya ce, "Mi kare yas sani ga gado? Ciwo ɗai yas sani."

Tsaga ɗaya ya yi, baƙin jini ya zubo. Karen ya sauke numfashi kamar mutum. Baba ya ɗaure kunnen, ya naɗe askar a tsumma, ya bar wa maharbin.

Yau na wuce shekarunsa na ranar, amma ban taɓa ba da abin da ya kai askar nan ba.